Sabon zuwa Jamus: kafin ka saya wa motarka mai gudu tayar bazara

Duk wanda ya zo Jamus daga wajajenmu, ya samu aiki, ya gama wahalar lasisi, ya ɗan tara kuɗi, abu na farko da zuciyarsa ke raya masa shi ne mota. Kuma ba kowace mota ba. Wanda ya taso yana jin labarin Autobahn, titin da aka ce ba a ƙayyade gudu, da wuya ka ga ya tsaya a kan ƙaramar Polo. Golf GTI yake nema, ko BMW 330i, ko Audi S3. Ban ga laifinsa ba, motocin hannu a nan an kula da su.

Abin da dillali ba zai zauna ya yi maka bayaninsa ba shi ne taya. A gida taya taya ce. Ta sha zafin Afrilu, ta sha ruwan Agusta, ta sha ƙurar hunturu, ba ka tunawa da ita sai ranar da ta suɗe ko ta yi bindiga. Ka je wurin mai taya ka faɗi lamba, ya tambaye ka sabuwa ko Belgium, ku yi ciniki, mai faci ya ɗaura, shi ke nan. A nan kuwa mota mai ƙarfi tayoyi takwas gare ta: huɗu na bazara, waɗanda za ka ji ana kira Sommerreifen, da huɗu na hunturu, Winterreifen. In a watan Nuwamba ka sayi motar, mai yiwuwa na hunturu ne a ƙafarta, kuma da Afrilu ya kama za ka shiga kasuwa. In tsohon mai motar ya haɗa maka da nasa na bazara a but, dakata da murna tukuna, za mu zo kansu.

Bambancin ba a zane kaɗai yake ba, a roba yake. Tayar bazara irin ta motoci masu gudu an haɗa robarta ne don ta kama titi in ya yi ɗumi, kuma ba ta saki ko ka daɗe kana gudu a kan kwalta mai zafi. Gefenta da tauri, shi ya sa in ka taɓa sitiyari motar take amsawa nan take. Amma da sanyi ya sauko sai ta sandare kamar man kaɗe da asubahin hunturu, zanenta kuma ba shi da 'yan ƙananan tsagogin da ke cizon dusar ƙanƙara. Jamusawa suna yawan ambaton digiri 7 a matsayin iyaka. Ba doka ba ce, kuma a busasshen titi tayar bazara tana tsayawa da kyau ko a ƙasa da haka. Matsalar tana farawa ne da raɓar da ta daskare a kan gada da sassafe, ko dusar ƙanƙara ko da 'yar kaɗan ce. Mota mai jan ƙafafun baya irin BMW, a kan faffaɗar tayar bazara, ko ɗan tudun fita daga gareji ba za ta hau ba, sai dai tayoyin su yi ta wulwulawa a wuri ɗaya.

Doka ma ta shigo ciki. Jamus ba ta sa ranar da dole kowa ya canza taya ba. Abin da ta ce shi ne, in titi yana da ƙanƙara, ko dusarta, ko caɓin da take zama in ta fara narkewa, ba a hawansa sai da tayar hunturu. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 tayar da ke ɗauke da tsohuwar alamar tayar hunturu ta M+S kaɗai ba ta cikin lissafi, sai mai hoton dutse mai ƙololuwa 3 da alamar ƙanƙara a cikinsa. Wanda aka kama da tayar bazara a irin wannan yanayi tarar Yuro 60 ce da maki 1 a Flensburg, garin da ake ajiye rajistar laifukan direbobi, kuma maki 8 ke ƙwace lasisi. In ya tare wa mutane hanya tarar ta koma 80, in ya yi haɗari 120. Tarar ma da sauƙi. Kamfanin inshora ne zai iya cewa ganganci ka yi, ya zaftare abin da zai biya na gyaran motarka. Wanda ya zaɓi tayar bazara dai ya san tayar rabin shekara ya zaɓa.

Za ka ji 'yan'uwa suna cewa ka huta da wannan duka, ka sa Ganzjahresreifen, wadda ake bari a mota shekara cur. Ga ƙaramar motar kai yara makaranta a Hamburg, inda dusar ƙanƙara ba ta cika zama ba, shawara ce mai kyau, ni ma ita zan bayar. Ga mota mai ƙarfin doki 250 zuwa sama kuwa ban yarda ba. An raba ƙafa wajen haɗa robarta, rabi don sanyi rabi don zafi, kuma inda take gazawa shi ne birki a busasshen titi mai zafi, daidai wurin da ka sayi motar dominsa. In kuɗin taya takwas ya fi ƙarfinka, gara ka sake tunani a kan motar tun ba ka biya ba.

To, ka yanke shawara. Kafin ka buɗe intanet ka fara kallon hotuna, ɗauko takardar mota, koriyar nan mai ninki da ake cewa Fahrzeugschein. A layi na 15.1 an rubuta girman tayar gaba, a 15.2 na baya, a layin da ke da harafin T kuma iyakar gudun motar. Girma ɗaya kawai take nunawa, sauran da aka yarda da su suna cikin takardar kamfanin da ya ƙera motar, CoC. A gida mun saba mai taya ya ce, “Babu 225, amma 235 za ta shiga, Alhaji,” kuma ta shiga ɗin. A nan shiga ba hujja ba ce. Girman da ba ya cikin takarda zai kayar da kai a TÜV, binciken lafiyar mota na duk shekara 2, ɗan sanda ma zai iya tsare ka a kai.

Ɗauki Golf 7 GTI mai wili inci 18. A gefen tayarta za ka ga 225/40 R18 92Y XL. Faɗinta milimita 225 ne. Tsayin gefenta kashi 40 cikin 100 na faɗin, wato milimita 90 kacal tsakanin wili da kwalta. Waɗannan kowa ya san su, na ƙarshen ne mutanenmu suke tsallakewa. Lamba 92 nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka ne, kilo 630, XL kuma na nufin an ƙarfafa gininta. Harafin shi ne gudun da aka tabbatar za ta jure: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Yawancin motocin Jamus masu ƙarfi an taƙaita su a 250, saboda haka V ba ta isa ba, W ce mafi ƙanƙanta da za ka sa. “Ai ni ba na wuce 140” ba zai fisshe ka ba. A tayar hunturu an yi sassauci, ana iya sa mai ƙaramin harafi a manna wa direba 'yar takardar tuni a gabansa. A ta bazara babu wannan. Sama da abin da takarda ta ce ya halatta, ƙasa da shi bai halatta ba.

Duba ƙafafun huɗu da idonka kafin ka yi oda, don wasu motocin na baya sun fi faɗi. BMW 3 mai M Sport za ka iya samun ta da 225/45 R18 a gaba da 255/40 R18 a baya. Za ka kuma ga alamomi, tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi, ma'ana an gyara tayar daidai da buƙatar kamfanin. In motarka mai jan ƙafa huɗu ce, ni zan bi alamar, kuma zan canza huɗun tare. Bambancin kauri tsakanin gaba da baya yana wahalar da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun, gyaranta kuwa ya ninka kuɗin taya.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni kunnenka. Mai sabuwar mota in yana tunanin taya, rana yake hangowa da busasshen titi da kwana mai daɗi. Amma bazarar Jamus da ruwa take tafe. A kudancin ƙasar, wajajen Munich, Yuni da Yuli suna cikin watannin da aka fi ruwa a shekara, kuma yakan zo ne farat ɗaya da tsawa, kana tsakiyar Autobahn, manyan motoci suna watso maka feshi har ba ka ganin gabanka. A busasshen titi tayoyin manyan kamfanoni kusan kunnen doki suke, bambancinsu sai direban tsere ne zai ji shi. A jiƙaƙƙen titi ake rabuwa. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kowace taya ita ce, a mita nawa take tsayawa in ana ruwa?

Tarayyar Turai ta yi maka rabin aikin. Tun 2012 kowace sabuwar taya tana zuwa da takardar shaida, wadda aka sabunta a Mayun 2021. Abu 3 take nunawa: cin mai, kamun jiƙaƙƙen titi, da ƙara. Na biyun ne naka, mai hoton gajimare da ruwa, an jera shi daga A zuwa E. Tsakanin ta can sama da ta can ƙasa, daga gudun kilomita 80, tazarar tsayawa takan kai mita 18, tsawon motoci 4 a jere. A za ka nema, B in ta kama dole. Ɓangaren cin mai kada ya dame ka in ka ga C ko D, tayar da ke kama titi sosai dole ta ɗan ja mai. Sai dai kamfanonin da kansu suke gwada tayoyinsu su rubuta sakamakon, kuma takardar ba ta cewa komai a kan kwana ko daɗewa.

Sauran rabin yana wurin masu gwaji. ADAC, ƙungiyar masu motoci ta Jamus, tana fitar da gwajin tayar bazara kowace shekara wajen ƙarshen Fabrairu. Mujallun Auto Bild da sport auto su ma suna yi, kuma su suka fi taɓa manyan girma irin 18 da 19. Ko Jamusancinka bai nuna ba, teburin lambobi ne: nemi nass, wato jiƙaƙƙe, da Bremsen, wato birki, da Aquaplaning. Ka nemi gwajin girmanka ko na kusa da shi, don tayar da ta zo ta ɗaya a inci 16 ba lallai ta maimaita a 19 ba. Kuma kada ka liƙe wa wadda ta yi nasara bana. Duba gwaji 2 ko 3, ka ga sunayen da ba sa barin sama.

Aquaplaning ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don mu da muka saba tuƙi a ruwan Agusta gani muke mun san ruwa. A gida ramuka su suke tilasta maka rage gudu. A nan titin sumul yake, ba abin da zai gargaɗe ka. Zanen taya magudanar ruwa ne, in ruwan da ke gabanta ya fi ƙarfin magudanar sai ta hau kansa ta daina taɓa kwalta. Sitiyari ya yi sakayau a hannunka, ka juya motar ba ta juya ba, birki ba ya komai. Faffaɗar taya ta fi siririya saurin yin haka, wadda zanenta ya ragu kuwa ta fi kowa. In ya same ka, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danne birki, har tayar ta dawo ƙasa. Ƙaramin allon da ke ƙarƙashin alamar iyakar gudu mai rubutun bei Nässe yana nufin iyakar tana aiki ne in titi ya jiƙe, kuma ba don ado aka kafa shi ba. Af, ko a inda babu iyaka akwai gudun da hukuma ta ba da shawara, 130. Wuce shi ba laifi ba ne, amma in aka yi haɗari kotu za ta iya ɗora maka wani kaso ko da ba kai ka jawo ba.

Sunaye fa? Waɗanda aka saba gani a sama a wannan aji su ne Michelin Pilot Sport 5 da yayarta Pilot Sport 4 S, Continental SportContact 7, Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6, Bridgestone Potenza Sport, da Pirelli P Zero. Kowace da halinta. Michelin an san ta da daɗewa, kuma takan fi tsada. Bridgestone ɗin tana da kaifi a sitiyari, amma masu gwaji sukan ce da tauri kuma tana saurin cinyewa. Goodyear tsaka-tsaki ce, ga kamu ga laushi, ita nake fara nuna wa mai motar zuwa aiki kullum. Ƙasa da su a kuɗi akwai Hankook Ventus S1 evo3 ta Koriya da Falken Azenis FK520 ta Japan, kuma ba abin rainawa ba ne. Mu 'yan Najeriya Michelin da Dunlop ne suka zauna mana a ka, tunda sun yi masana'anta a Fatakwal da Ikeja kafin su rufe a 2007 da 2008, amma kada sabo ya rufe maka ido.

Iri biyu zan hana ka. Na farko, tayoyin da ba ka taɓa jin sunansu ba, masu rabin kuɗi, waɗanda zanensu ya fi na kowa kyau a hoto. Suna da W ko Y, sun halatta, TÜV ba zai ce uffan ba. Amma a gwajin birki cikin ruwa galibi su ne a ƙasan tebur. A wurin da taya mai kyau ta riga ta tsaya cak, mota mai irinsu tana nan tafe da gudun da zai lotsa bayan ta gabanka. Araha ba ta ado. Na biyu, tayoyin filin tsere da aka halatta wa titi, irin Michelin Pilot Sport Cup 2, waɗanda samari ke so saboda suna. Zanensu kaɗan ne, sai sun yi zafi suke kamawa, kuma ba sa shiri da ruwa. In niyyarka ka je filin tsere na Nürburgring ka biya ka zaga titinsa na Nordschleife mai kusan kilomita 21, wannan magana ce daban, kuma ka fara karanta takardar inshorarka. In aikinka Dortmund zuwa Essen ne safe da yamma, ba taka ba ce.

Haka batun ƙara girman wili. Inci 19 ko 20 yana da kyau a ido, babu musu, amma duk incin da ka ƙara mota ta ƙara tauri, kuɗin taya ya hau, wili ya matso kusa da dutsen gefen titi. Wilin da ba na kamfanin motar ba kuma sai da takardarsa, wani ma sai an duba an shigar da shi cikin takardun mota. In takardarka ta yarda da 18 da 19, ni 18 zan ɗauka.

Mu dawo kan waɗanda aka haɗa maka a but, da waɗanda ake talla a shafukan kayan hannu wai kamar sababbi. Wani yaro ɗan wajenmu da ya zo karatu ya zarce aiki ya kira ni wata Asabar. “Yaya, na samu taya a ɓagas, huɗu, zanen duk yana nan. Don Allah zo ka gani kafin in kai a ɗaura.” Na same shi a bayan gidansu ya jera su a jikin bango, ya wanke su har suna ƙyalli. Daga tsaye ba su da aibi. Na ce ya kwantar da ɗaya daga cikin na baya, ya juyo gefen da ke kallon cikin mota. Na kama hannunsa na ɗora a kafaɗar ciki. Sumul, babu zane ko kaɗan a faɗin yatsa biyu, a wuri ɗaya ma zaren ciki ya fara leƙowa. Ya yi shiru, can ya ce, “Wallahi Yaya, ta waje kawai na duba.” Kowa ta waje yake dubawa. Motoci masu gudu ana ɗan karkatar da saman ƙafafunsu na baya ciki don su kama kwana, shi ya sa suke cin taya ta inda ido ba ya kaiwa.

Na ciro kwandalar Yuro 1 na nuna masa dabarar da Jamusawa ke yi. Ka tsoma ta a cikin zanen, in zoben nan mai ruwan zinare ya ɓuya gaba ɗaya, akwai sauran aƙalla milimita 3. Doka milimita 1.6 ta ce, ƙasa da haka tara ce da maki, amma ADAC tana ba da shawarar a sauke tayar bazara a 3, don daga nan magudanar ta fara gazawa. A gwada waje, a gwada tsakiya, a gwada ciki.

Sai shekaru. A gefen kowace taya akwai haruffan DOT, a ƙarshen layin kuma lambobi 4. In ka ga 1224, mako na 12 na 2024 aka yi ta. Wanda ya saba jin yekuwar jami'an FRSC a gida kan tayar da ta wuce wa'adi ya san wannan lambar. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Ni tayar mota mai gudu in ta haura shekara 6 na fara zarginta, shekara 10 kuwa masu ƙera ta da kansu sun ce a jefar. Ko sabuwa za ka saya, tambayi DOT kafin ka biya, sau da yawa can sirrin rangwamen yake. Abin da kwandala da lamba ba za su nuna maka ba shi ne ko an taɓa dukan dutsen gefen titi da ita zaren ciki ya tsinke, wannan sai a gudun 200 yake bayyana kansa. Da yawa daga tayoyin da ake saukewa a nan su ne ake lodawa a kwantena su zama Belgium ɗin da muka baro. Bai kamata ka tsallako teku ka zo ka saye su daga tushe ba.

Wajen saye, ko ka je shagon taya su kawo su ɗaura, ko ka yi oda a intanet a kai garejin da ke aiki da su. Ta biyun takan fi sauƙi, amma ka haɗa lissafi duka: ɗaurawa, balansin, sabon bawul, da kuɗin zubar da tsofaffin, don ba a jefa taya a bolar gida. Motocin da aka yi wa rajistar farko daga Nuwamban 2014 suna da na'urar lura da iskar taya, RDKS, a wasu kuma tana jikin bawul ɗin kowane wili, in za ka sayi wili na biyu ka tambaya ko tana ciki. Ba a faɗa wa gareji haka kawai a nan, sai da Termin, wato rana da lokacin da suka sa maka tun kafin ka je, kuma a Afrilu kowa shi yake nema.

In an gama, zaga motar kafin ka tafi. Gefen da aka rubuta Outside shi zai kalli waje. In tsofaffin sun ci gefe ɗaya, a yi alaimen a ranar, Achsvermessung suke ce masa, in ba haka ba sababbin ma hanyar za su bi. Bayan kamar kilomita 50 ka koma a sake ɗaure notuna, kuma kilomita 200 zuwa 300 na farko ka bi a hankali, sabuwar taya tana da ɗan santsi. Iska da bar ake auna ta, bar 2.5 kusan 36 ke nan a lissafin mai faci. Adadin motarka yana manne a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki, layi ɗaya na mota ba kaya, ɗaya na cikakken kaya. Ranar da za ka ɗebi iyali da akwatuna zuwa Faransa hutu, na biyun za ka bi. Babu mai buga ta da ƙarfe ya ce “ta yi”, kai za ka auna da kanka a gidan mai, da safe taya na da sanyi. Mai gajeren gefe ba ta nuna wa ido in ta sace, sai ta yi ta tara zafi a dogon gudu har ta fashe.

Faci ma ba yadda ka sani ba ne. Leƙa ƙarƙashin but, da yawa cikin motocin nan ba su da safaya, sai kwalbar ruwan liƙi da ƙaramin famfo. Ƙusa a tsakiyar zane ana iya gyarawa daga ciki, amma gefe ba a taɓa shi, kuma gareji da yawa ba sa yarda su yi wa mai W ko Y faci sam. In ka zuba ruwan liƙin ma ka gama da ita. Shi ya sa ya kyautu ka zaɓi wadda ake samu ko'ina, saboda ranar da za ka nemi guda ɗaya cikin gaggawa.

Batun lokaci, Jamusawa suna cewa daga O zuwa O, wato tayar hunturu daga Oktoba zuwa Ostern, bikin Ista. Ista kuwa yawo take yi tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, saboda haka hasashen yanayi ya fi kalanda amfani. Mai fita aikin asuba ya fi kowa buƙatar haƙuri, don ƙarfe 5 na safe a farkon Afrilu gada na iya daskarewa ko da rana za ta yi ɗumi. Masu mota biyu sukan kauce wa tayar hunturu gaba ɗaya da lambar wa'adi, Saisonkennzeichen, wadda za ka ga 04 a sama 10 a ƙasa a gefenta. Daga Afrilu zuwa Oktoba motar take fita, sauran watannin ko fakin a bakin titi ba a yarda ba.

Waɗanda aka sauke sai an samar musu wuri. Shagunan taya suna ajiyewa a kan kuɗi duk rabin shekara. In kana da ɗakin ajiya a ƙasan gida mai sanyi da duhu ya isa, nesa da fetur da tukunyar ɗumama gida. Masu wili a jibge su a kwance ɗaya kan ɗaya, marasa wili a tsaye ana juya su lokaci-lokaci. Kafin a sauke a sa alli a rubuta wa kowace inda ta fito: VL gaba hagu, VR gaba dama, HL baya hagu, HR baya dama. A Oktoba in za ka ajiye na bazarar, auna zanensu a ranar. In sun kusa milimita 3, fara tara kuɗin sababbi tun cikin hunturu, ka yi oda a farkon Maris bayan gwaje-gwajen sun fito, kafin girmanka ya yi wuya a kasuwa.